Ɗigon Fensir a Gindin Dutse

A ɗakin Baba, nan Unguwar Kanawa, akwai wata tsohuwar taswira da ya taho da ita daga aikin safiyo, wato awon ƙasa, lokacin da ya yi ritaya. Tun zamanin Turawa aka zana ta. Duwatsun can cikin dajin yamma ne zalla, layuka sun nannaɗe juna kamar zanen ɗan yatsa. Baba yakan ce inda layukan suka matsu, nan dutse ya miƙe tsaye. Ni haushinta nake ji, don ta cinye rabin bango, kuma ni ke goge ta duk Asabar.

Yayana direban motar kaya ne. Wata safiya ya fita ta hanyar Mando, 'yan bindiga suka tare hanya, suka kora shi da sauran matafiya cikin dajin nan. Baba ya sauke taswirar ya shimfiɗa a tabarma, ya wuni yana bin rafuka da yatsa.

Na ce, "Baba, takarda ce fa. Ƙauyukan nan duk an tashe su."

Ya ce, "Duwatsun suna nan."

Bayan damina wani mutumin Rigasa da aka kama su tare ya kuɓuto, ya zo gidanmu, ƙafafunsa duk gyambo. Ya ce zazzaɓi ya kashe Yaya, da itace suka tona suka binne shi. Umma ta shige ɗaki. Baba bai yi kuka ba, taswira ya jawo.

"Malam, rafin ta ina yake gangarowa? Da hantsi ina inuwar dutsen ke faɗuwa?"

Na ji kamar in fizge takardar in yayyaga. Mutum ya kawo maka rasuwar ɗanka, kana masa tambayar wurin aiki. Mutumin dai ya daure yana amsawa.

"Kun fuskantar da shi alƙibla?"

"Alhaji, da fitowar rana muka ƙiyasta."

Baba ya daɗe yana duba layukan, sannan ya ɗiga fensir a gindin wani dutse marar suna. Ya mayar da taswirar bango.

Ba wanda zai iya zuwa can. Idan maƙwabta suka tafi maƙabarta ziyara, Baba gaban bango yake tsayawa ya yi addu'a. Yanzu idonsa ya yi rauni, ni ke kama yatsansa in ɗora masa a wurin. Har yau ina goge ta duk Asabar, amma kewaye ɗigon nake yi, kada tsumma ya shafe shi.