Tauraron Jawahir

Faraj Bawazir tela ne a kasuwar Kireta ta birnin Adan, shekara hamsin da ɗoriya yana kan keke ɗaya. Riguna yake ɗinkawa, amma abin da aka san shi da shi tuta ce. Gwamnatoci sun zo sun wuce, kowace ta aiko masa da yadi, shi kuwa bai taɓa tambayar wa ya hau ba, kamu nawa kawai yake tambaya.

Tutar Kudu, ta lokacin da ƙasar take rabe biyu, ba ta ba shi wahala. Ja da fari da baƙi yakan jera, sannan ya ɗora shuɗin ƙyalle mai kusurwa uku ta gefen sanda. Jan tauraron da ke tsakiyar shuɗin kuma aikin matarsa Jawahir ne, da allura take yin sa a tsakar gida.

Da Kudu da Arewa suka haɗe, sabuwar tuta ta zama tsohuwar ce ba shuɗi. Makarantu da ofisoshi ba su tsaya jiran yadi ba, suka yi ta kawo masa tsofaffin ya farke. Sati biyu yana aiki da reza, har ya cika buhun shinkafa da shuɗayen ƙyallaye. Maƙwabta suka kwashe na sauke tukunya, daga baya samarin zanga-zangar neman a sake raba ƙasar suka yashe sauran. Ɗaya tak ya hana, na makarantar 'yan mata ta unguwarsu. Shi ne ɗinkin Jawahir na ƙarshe kafin ta rasu, ta yi shi tana kan tabarmar jinya, ƙafa ɗaya ta tauraron ta gaza sauran tsawo. Har tsiya ya yi mata a ranar, wai tauraronta gurgu ne. A aljihun keken ya ajiye shi, duk safiya sai hannunsa ya taɓa shi in zai ɗauko almakashi.

Wata hantsi yana kurɓar shayi mai madara sai ga Intisar, shugabar makarantar, da ƙunshi a hammata. Ammu take ce masa, wato Baffa.

"Ammu Faraj, kana nan da ranka ashe?"

"Ina zan je, 'yata? Mutuwa ma layi ake bi, kamar na gas."

Ta ce za su jera tutocin da suka taɓa kaɗawa a garin a bangon zauren makaranta, tun daga ta zamanin Turawa, don yara su san inda aka fito. Saura ta Kudu. Ta warware ƙunshin, sai ga tsohuwar tutarsu da ta tono a sito. Rana ta cinye ta, sai wuri ɗaya mai kusurwa uku da launinsa bai koɗe ba.

"An ce shuɗin yana wurinka."

"Masu faɗa ba su da aikin yi. Bari in yanka miki sabo, yanzun nan."

"Sabo ai ko a titi zan saya, Ammu. Na jikinta nake so."

Ya ce ta dawo jibi, ba don ya yarda ba. Tsoro yake ji, tsoron ya buɗe aljihun nan wata safiya ya tarar da almakashi kaɗai. Amma bayan tafiyarta, da yake ta bar masa tutar, sai ya ɗora ƙyallen a kan gurbin, don ya gani kawai. Ya zauna daram, hudar allura a kan hudar allura. Bai kunna keke ba. Da hannu ya bi tsofaffin hudojin, ido na ruwa, ya wuni a kan abin da a da minti goma ne.

Ranar da aka rataye tutocin ya je da farar riga. Ƙarƙashin kowace an manna takarda, sunan gwamnati da shekarar hawa da ta sauka. Ya karanta ta tutar Kudu, ya juyo.

"Intisar, takardarki ba ta cika ba."

"Me na bari, Ammu?"

"Gwamnatin nan ko maɓalli ba ta taɓa ɗinkawa ba. Ba ni biro."

Ta miƙa masa. Ya jingina da bango, ya ƙara layi a ƙasa: "Tauraron, Jawahir bint Salmin ce ta ɗinka shi." Ya mayar mata da biron, ya ce in sun tashi wanki kada su murza wurin, ba ta son a murza mata aiki.