Kwanson Harsashi a Turken Awaki

Washegarin Babbar Sallah, a shekarar da na cika tara, Baba yana gyaran hanyar ruwa a gindin dabino, ni kuma ina biye da shi ina tsince duwatsu, sai fartanyarsa ta bugi wani abu ya yi ƙara. Na sa yatsa na tono shi. Tsawonsa bai wuce yatsana ba, baƙi ƙirin, cikinsa cike da yashi. Baba ya karɓa ya jujjuya, ya ce kwanson harsashi ne, abin da ke faɗowa bayan an harba bindiga. Ya ce kafin a kewaye wurin ya zama gona, sojoji ne ke koyon harbi a nan, tun ba a haife ni ba. Ya wurgar da shi cikin ciyawa ya ci gaba da aikinsa. Yana juya baya na ɗauke.

Gonar tana kudancin Riyad, bayan inda gidaje suka ƙare a wancan lokacin. Ta wani Balarabe ce, shi ne kafil ɗin Baba, wato wanda zamansa a ƙasar ke hannunsa. Baba yana da iƙama, takardar izinin zama. Inna ba ta da ita, domin Umra ta kawo ta ta zauna, ni da ƙanwata Hajara kuwa a cikin gonar aka haife mu, babu wani ofis da ya san da mu. Saboda haka duniyarmu ta tsaya inda katanga ta tsaya. Baba yakan ce, "Wanda ba shi da takarda, katanga ce takardarsa." Da safe ina yankar wa awaki barsim, ciyawar da ake shuka musu, in buɗe wa dabino ruwa layi bayan layi, in share turke. Idan na ji ƙarar motar makaranta a kan titi, sai in haye dabinon da ya fi kusa da katanga in leƙa. Iyakar abin da nake gani rufinta ne mai ruwan ɗorawa, da hannuwan yara ta taga.

Tun daga ranar nan na zama mai kallon ƙasa. Duk inda aka yi huɗa ko ruwa ya zaizaye, ina nan. Inna ce ta nuna mini yadda ake wanke su. Ta jiƙa tsamiya, ta haɗa da toka, ta goge ɗaya da tsumma, sai ga shi yana walƙiya kamar warwaron amarya. Ta ce, "Tagulla ba ta mutuwa, fushi kawai take yi." A hankali na gane iri biyu ne. Na tagulla baƙi kawai suke yi a waje, idan an goge babu ko ɗigon rami a jikinsu. Na ƙarfe kuwa an shafe su da wani fenti kore-kore, duk inda fentin ya ɓare tsatsa ta shiga ta ci, wani ma kana matsawa yake marmashewa. A gindin kowanne akwai rubutu da aka buga a zagaye. Ban iya karatu ba, sai na ɗauke shi kamar tsagar fuska, masu tsaga iri ɗaya 'yan gida ɗaya ne, in jera su wuri guda. Ni da Hajara muka haƙa ramukan dara a inuwa, ni da na tagulla, ita da na ƙarfe. Kullum tana kukan an ba ta tsofaffi. Idan ta yi fushi in hura bakin ɗaya ya yi fito, awaki su ɗaga kai, ta fashe da dariya.

Mutum ɗaya ne ke shigo mana daga waje, Kawu Ilu, direban da ke kai kayan lambu kasuwar Aziziya. Ba ɗan'uwanmu ba ne, Basakkwace ne mai yawan barkwanci, amma Kawu muke ce masa. Wata rana ya tarar da mu muna dara, ya tsuguna ya ɗauki ɗaya. "Kai Habu, ashe soja muke da shi a gidan nan ba mu sani ba?" Ya ba ni labarin wani tsoho mai shagon kayan tarihi, kusa da kasuwa, wanda ke tara irinsu a akwatin gilashi. Da ya dubi rubutun gindin zai faɗa maka ƙasar da aka ƙera shi da shekarar. "In Malam ya yarda, ranar yankan dabino in ɗauke ka, ka nuna masa naka da hannunka."

Malam, wato Baba, bai yarda ba. Da maganar ta kai kunnen Baba, ya sa na kawo gwangwanin madarar da nake tara su. Ya ce a ƙasar nan ko warin bindiga aka ji a jikin baƙo, ba a tambayarsa ko da harsashi a ciki ko babu. Ya ce in je in juye su a tsohuwar rijiya. Na je bakin rijiyar na tsaya, na jefa duwatsu don a ji ƙara. Daga nan na naɗe su a tsumma, na tona rami a kusurwar turken awaki, inda na san ba mai taɓawa sai ni, na binne. Na yi tunanin abin da ya shekara da shekaru a cikin ƙasa bai lalace ba, 'yan watanni ba za su yi masa komai ba.

Duk tsawon zafin shekarar Inna tana lallashin Baba. Ba ta maganar kwanso, maganar fita take yi. "Malam, yaron nan bai taɓa ganin titi da ƙafarsa a kai ba. Ko akuya ana kai ta kasuwa." Da dabino ya nuna, Baba ya sassauta. Ya ce lokacin kaka motocin gona sun yi yawa, shurɗa, wato 'yan sanda, ba su cika tsayar da su ba. Zan zauna a tsakanin kwanduna, ba magana, aljihu babu komai.

Da safiyar ranar, Inna ta sa mini farar jallabiyata ta Sallah. Ana loda mota na zame na shiga turke, da niyyar in ɗauki ko uku in soke a ƙugu. Ƙasar wurin jiƙe take, warin fitsari yana hawa ido. Tsumman ya ruɓe. Na ƙarfen sun zama dunƙulen tsatsa, wannan ban yi mamaki ba. Na tagullan ne suka ɗaure mini kai. Sun yi shuɗi-shuɗi, kuma kusan kowanne ya tsage daga baki zuwa kafaɗa. Na matsa wanda na fi so, ya buɗe kamar ɓawon gyaɗa. Ban san lokacin da na goge hannuna a gaban riga ba.

Da na fito Baba ya dubi rigar, ya dubi hannuna. Bai doke ni ba. Kawu Ilu ya ce, "Haba Malam, yaro ne, a canza masa riga mana." Baba ya girgiza kai. "Ilu, wanda bai riƙe magana a cikin katanga ba, a gaban shurɗa zai riƙe? Yalla, kama hanya, rana tana yi." Motar ta fita. Baba ya ce da ni, murya ƙasa-ƙasa, "Je ka rufe ƙofa."

Daga baya Kawu Ilu ya gaya mini ya ba tsohon labari. Tsohon ya ce tagulla tana jure ruwa da rana da yashi, amma tururin fitsarin dabba yana bin inda aka matse ta wajen ƙira ya tsaga ta, shi ya sa ba a ajiye irin kayan nan kusa da garke. Kafin wata kakar aka mayar da Kawu Ilu wata gona. Ni kuwa ban taka titi ba sai da gemu ya fara fito mini.

Yau gonar ta zama gidaje, Baba da Inna suna kwance a ƙasar da ba ta taɓa zama tasu ba. Na samu iƙama bayan doguwar wahala, ina gadin wani bene a unguwar Shifa, fasfona yana wurin kafil. Ranar Juma'a nakan je unguwar Batha, wani malami yana koya mana karatu mu manya, har na kai ga rubuta wannan. Na daina jin haushin Baba tun ranar da shurɗa suka fara tsayar da ni a hanya, na ji irin tsoron da ke kama mutum ko da takarda a aljihu. Sai dai da safe, idan masu gida za su fita da 'ya'yansu, nakan tsaya riƙe da ƙyaure har motar ta sha kwana. Sannan in rufe, daga ciki.