Jar Saniya a Kafa ta Uku

A shekarar da soja suka karɓi mulki, furojen agajin da nake wa aiki ya naɗe tabarmarsa, na koma zaman shagon wani abokina mai sayar da ordinata okaziyo, wato kwamfutoci 'yan gwanjo, irin waɗanda ke shigowa Agadez ta hamada. Aikina shi ne gwada kafofin USB, ƙananan ramukan nan na gefe. Nakan cusa suri, wato ɓeran da ake tuƙa na'urar da shi. In fitilarsa ta yi ja, kafar na da rai. Karatuna na jami'a ya ƙare ke nan a leƙen ramuka, kuma har yau ban yanke hukunci ko asara ce ba.

Wata rana da hantsi kawuna ya iso daga Aderbissinat, inda fari ya cinye masa garke. Ya kwance bakin rawaninsa, ya fito da kile, ɗan abin nan na ajiyar hotuna. A ciki akwai bidiyon jar saniyarsa, kuma ban da nan babu inda ta rage a duniya.

"Mushe," in ji shi, "fito mini da ita." Haka ake kiran duk wanda ya yi lakkal, wato boko, amma a shekarar da mushe ke zube a bakin hanya, sunan bai yi mini daɗi ba.

An ɗauke kuran, ba lantarki, ordinata ɗaya ce kawai ke da sauran caji. Kafarta ta farko cike take da rairayi. A ta biyu na zaƙulo guntun tsinken sakace. Kawu ya matso zai tofa addu'a a ta uku, na tare shi.

"Kawu, yawu na kashe ta."

"To, ashe ba musulma ba ce."

Ta ukun ta karɓi kile, amma da sharaɗi: sai an danne shi sama da babban yatsa. Na danne. Sai ga jar saniya a bakin rijiya, kanta cikin komin ruwa, tana kaɗa wutsiya. Kawu ya durƙusa. Tela da mai shayi, maƙwabtan shagon, suka shigo suna yi masa ta'aziyya.

Nan atishawa ta kubce mini, yatsa ya goce, allo ya yi baƙi.

"Sau biyu ke nan tana mutuwa," in ji kawu. "Na farko Allah ne. Wannan kuwa kai ne."

Na sake dannawa, ina salati a zuci, don ban san ko kafar za ta ƙara yarda ba. Ta yarda. Saniya ta ɗago kai ta yi kuka, kawu ya amsa mata da irin kiran da yakan yi mata da yamma. Mai shayi, da ke ta dariya tun ɗazu, ya daina.

Yatsana ya mutu, kafaɗata ta ƙage. Na ce ko zan ɗan huta.

"Kada ka motsa, Mushe," in ji shi, bai ko dube ni ba. "Ba ta gama sha ba."