Saiwar da ta ƙetaro hamada

Mijina malamin ɗibbu ne, mai ba da magani, kusa da Hubbare muke zaune. Yana da wani littafin magani da ya gada, wanda anka kwafo daga Masar, yana riritarsa kamar ƙwai. Shi ke karantawa a zaure, ni ke daka a cikin gida.

Abin da ya ɗaga sunansa a birni maganin cushewar ciki ne. Littafin ya ce a haɗa da wata saiwa ta Gabas wai ita rawand. Tun ina amarya ya aiko mini da wannan suna, ya ce in sa a nemo kasuwa. Masu saiwoyi sunka ce ko a mafarki ba su taɓa jin ta ba. Kunya ta hana ni koma masa hannu rabbana, sai na yi abin da na ga uwata na yi: filasko, tsamiya, ɗan jar kanwa. Na daka, na aika zaure, na ja bakina na yi gum.

Magani kuwa ya ci. Mutanenmu ba su yarda da maganin ciki sai ya sa su gudu, nawa kuwa ko takalmi ba ya bari ka ɗauka. Shekara goma sha Malam na shan yabo, yana shafa gemu yana cewa ilimin magabata ba wasa ba. Ni ko ina bayan zana ina tsoron ranar da zai gano, don mutum ne da ya fi ƙin ƙarya da mutuwarsa.

Rannan sai ga ayarin Larabawa, wani a cikinsu ya kawo masa tsarabar rawand ta gaske. Wata busasshiyar aba, rawaya, ta shekara bisa raƙumi. Malam ya juya ta, ya shinshina, ya ce tamu ta kasuwa ba ta kama ƙafar wannan ba. Saboda girmamawa da kansa ya daka, shi da bai san inda taɓarya ke kwana ba.

Wanda ya fara sha wani attajirin tufa ne na Ƙofar Kware, mai cin nama kamar kura. Kwana biyu ya dawo, ciki kamar tulu, yana faɗa tun daga ƙofa wai ya zauna jira har la'asar, ko motsi. Ya ce a ba shi na da, ko ya tafi wurin wanzami. Wasu biyu sunka biyo da irin wannan kuka. Wallahi na ji tausayin Malam, amma dariya ta kusa kashe ni a madafa.

Da hantsi ya shigo da littafin a hammata, ya zauna bakin turmi.

"Ke, mi kike dakawa shekarun nan?"

Na faɗa masa duka, ina jiran ya ce in haɗa kayana. Kaza ta zo ta tsattsagi gefen rigarsa bai kore ta ba. Can ya aika a ɗauko tawada da alƙalami, ya buɗe shafin, ya ce in maimaita a hankali, da awon kowane. Ina faɗi yana rubutawa a gefen takarda, kusa da maganar malaman Masar. Raina ya yi fari ƙal.

Da ya gama na leƙa, don ni ma na yi allo. A ƙasa ya sa: haka munka ji daga wani masani na ƙasarmu.

Na ce, "Malam, wane masani?"

Bai ɗago ba. Ya ce masanin ya tashi ya ɗora tsamiya, attajiri na zaure yana nishi.

Ɗalibansa sun kwafe littafin har ba adadi, haɗe da maganata a gefe. Har yau in sun zo gaisuwa suna tambayata ko na san wane shehi ne, su kai ziyara kabarinsa.