Kwana Huɗun Rkiya a Kan Dutse

A unguwarmu ta bayan matsar zaitun a Demnat, mai kawo wasiƙa ne kaɗai ke kiranta Dakta. Mu Rkiyar gidan Basu muka sani, wadda ake aike sayen na'ana'a ta dawo bayan awa guda da tambayoyi, na'ana'ar kuwa ta manta.

Ta yi karatu a Marrakesh, ta wuce Faransa, ta zama masaniyar taurari. Ba waɗannan da kowa ke gani ba. Nata suna can nesa, garke-garke, ƙura mai sanyi ta lulluɓe su. Sai da wani ƙaton faranti na ƙarfe ake tsinto ɗan ɗuminsu, a gane yadda garken ya taso da yadda yake tsufa.

Ran da ta yi wa mahaifinta Basu wannan bayani, ya ajiye kofin shayinsa ya dube ta.

"Shekara ashirin kina boko, 'yata, ashe ƙura kike karantawa? Ga ta nan ƙarƙashin gadon uwarki, kyauta."

"Baba, daga cikin wannan ƙurar ake haihuwar taurari."

Ya juya wajen uwarta. "To Yamna, kin ji. Ki riƙa shara a hankali."

Farantin yana bisa wani dutse a ƙasar Chile, inda iska ta bushe ƙayau, domin ɗan danshin da ke cikin iska shi ke rufe masa ido. Kuma ba zuwa ake yi kawai a hau ba. Takarda ake rubutawa, kwamiti ya zauna ya raba kwanaki. Sau uku Rkiya tana nema ana mayar da ita. A na huɗu aka ba ta kwana huɗu cikin Janairu, lokacin da mu nan muke ƙarasa kaɗe zaitun. Idan ta bar su suka wuce, aikinta na jami'a ya tafi tare da su.

Tana masaukin gindin dutsen, jaka a ɗaure, sai ga wayar yayanta Lahsan.

A nan wurinmu ba a gaya wa na nesa cewa nasa yana kwance. Kuma a gidan Basu ranar Juma'a ake kiran na waje, bayan an ci kuskus, uwa ce kuma ke kira. Wannan ranar Talata ce. Lahsan kuwa mutum ne da ko gobara ake yi sai ya yi tunani kafin ya ɗauki waya.

"Lafiya dai, Yaya?"

"Lafiya lau. Ya sanyi a can? Yaushe hutunki ne ma?"

"Baba fa?"

"Yana gaishe ki."

Ko jaki ya ji wannan kiran ya san tikitin jirgi zai nema. Rkiya ta daɗe zaune a bakin gado da wayar a hannu. Ta ce wa kanta kwana huɗu ne kawai, tsohon nan da ke hawa bishiya da sanda ai zai jira. Ta shiga mota ta hau dutsen.

Hazo ya taso ya zauna musu kwana uku cur. Sai a rana ta huɗu sama ta buɗe na 'yan awoyi. Basu ya rasu tun rana ta biyu, muka kai shi bayan la'asar. Lahsan bai sake kira ba sai da ta sauko.

Ta iso an riga an naɗe tabarmin zaman makoki. Ta tarar da Yamna a tsakar gida tana tsage zaitun da wuƙa, ta zauna kusa da ita.

"Inna, na gane kiran Yaya. Na gane sarai, na hau."

Tsohuwar ba ta ɗago ba.

"Sau biyu ya tambaye ki. Na farko na ce kina hanya. Na biyu ya ce, 'Bar ni haka, Yamna, ba ki iya ƙarya ba. Ba ni ruwa.'"

Daga 'yan awoyin nan takardar bincike ta fito bayan shekara biyu, da sunayen mutum goma sha ɗaya, nata na uku. An ce masana sun yaba. Da ita ta samu koyarwa a Marrakesh, shekara goma sha biyar ke nan. Har yau tana rubuta wa kwamiti, suna ba ta kwanaki, amma ɗalibanta take turawa. Ita duk Alhamis da yamma tana cikin motar Demnat.