Baƙon da Tanko Ya Kayar

A gidanmu na Katagum, idan aka idar da sallar isha'i, mu yara mukan zagaye murhun da aka sauke tuwo, kakarmu Iya Dije tana ɓarar gyaɗa tana ba mu labari. Gidan mahauta ne, saboda haka ba kullum ake tatsuniya ba. Wani lokacin hirar dambe ce.

Ran nan yayana Sabo ya dawo daga kallon dambe a Azare, ya cika mu da surutu, wai na yanzu sun fi na da zafin nama da iya kaucewa.

Iya ta ce, "Kai tafi can, baki kamar na maroƙi. Ni ban taɓa taka fage ba, amma duk wanda aka daka a unguwar nan ni nake dafa masa ruwan gashi. Wa ya fi ni sanin ɗan dambe?"

Sai ta ba mu labarin yayanta Tanko. Wata shekara bayan girbi, wani saurayi mai suna Audu ya zo daga Shira neman wanda zai kara da shi, aka haɗa su. A turmin ƙarshe, wato zagayen ƙarshe na karawar, Tanko ya same shi a muƙamuƙi, ya faɗi bai tashi ba. Masu kalangu suna ta zuga Tanko, shi kuwa ya kwance zaren hannunsa, ya saɓa baƙon a kafaɗa ya kawo shi gida. Haka ake yi a wajensu: wanda ya kayar da baƙo, jinya tasa ce.

Aka kira maɗori ya gyara muƙamuƙin, aka aika wa uwar Audu cewa ɗanta yana hannu. Ba ya iya tauna komai, sai kunu a ludayi. Ɗaki ɗaya suke kwana, kuma Tanko ya ce ba zai ci nama a gabansa ba, shi ma ya koma shan kunu har aka yi shuka.

"Mahauci fa!" in ji Iya. "Ya rame har ya fi majinyacin. Mai zuwa dubiya sai ya fara yi wa Tanko sannu."

Sabo ya ce, "To Iya, tsakanin na da da na yanzu wa ya fi ƙarfi?"

"Ƙarfi? Jakin gidan nan ya fi su duka."

Muka yi dariya muka tafi kwanciya. Ban sake tunanin labarin ba sai bana, da ɗana Nura ya gama sakandare ya ce zai shiga dambe. Babansa ya ce in na yarda shi ma ya yarda.

Nura ya nuna mini 'yan damben yanzu a waya. Ban ga abin rainawa ba. Suna da horo, akwai alƙalin wasa, an ce wani wurin har da likita, abin da su Tanko ba su samu ba. Ni dai idona yana kan wanda ya faɗi. Ana ɗaga mai nasara sama, hoton yana bin sa, wancan kuwa ba a sake nuna shi ba.

Na ce, "Da wa za ka fara karawa?"

Ya ce, "Ƙarfen Gada."

"Sunan da aka raɗa masa nake tambaya. Ɗan wane gida ne? In ka ji masa ciwo, wa za mu aika wa? In shi ya ji maka, ina zan same ka?"

"Haba Umma, yanzu ai ba a wannan."

Ban ce na da sun fi kirki ba, Allah ne masanin zukata. Na dai ce ya samo mini sunan yaron da na mahaifiyarsa, sai mu yi magana. Ya tambayi abokansa, ya tambayi mai horar da su. Har yau bai kawo sunan ba, ni ma ban ba da izini ba.