Hamida Mai Ƙuli-ƙuli Ba Ta Gama Tauna Ba

Hamida ba ta taɓa ɗaga murya don tallan ƙuli-ƙulinta ba. A kasuwar Filinge ɗaya take ɗauka ta gartsa, mai wucewa ya ji ƙarar ya tsaya. Tun tana budurwa take goga furen taba da goro, haƙoranta jawur kamar na uwarta. Shi ya sa da dasashinta ya soma jini ba ta gane ba, sai da haƙoran gaba suka fara girgiɗi.

Yayarta Muna, wadda bakinta ya daɗe da zama wayam, ta ce, "Tsufa ne, Hamida. Kira wanzami shi hidda su, ki huta kamar kowa."

"Kowa shi huta. Ni ban gama tauna ba."

Ta hau motar Yamai. Likitan haƙori ya yi mata allura, ya bi ƙarƙashin dasashi yana kankare dattin da ya daskare kamar dutse. Ya ce ta rabu da fure da goro. Barin goron ya fi kankarar zafi, amma ta bari.

Ta dawo da fararen haƙora, matan kasuwa suka yi ta dariya, wai tsohuwa ta aro bakin amarya. Ta jira har dasashin ya warke. Ran nan, Muna na gefe tana jiƙa ƙuli-ƙuli a ruwa, Hamida ta zaɓi mafi tauri, ta dubi matan, ta gartsa ƙaras.

Ta miƙa musu faifan ƙuli-ƙulin ta ce, "Wadda ta yi dariya, bisimilla."